Wace Gwiwa Ce, Baba?

Da a ce tambaya ɗaya aka yi wa Baba Direba a safiyar nan aka ƙyale shi, da kafin azahar an gama masa aiki yana kwance yana neman shayi. To amma asibitin nan ba a tambaya sau ɗaya, shi kuma mutum ne da ba ya iya jure a tambaye shi abu sau biyu.

Gwiwarsa ta hagu ce ta ƙare. Kusan rabin rayuwarsa ya yi yana tuƙa mota, ƙafar nan tana taka kuloci tana saki a cikin cunkoso, har guringuntsin ya cinye, ƙashi ya koma gugar ƙashi. Ta daman ma takan ɗan taɓa shi in an yi sanyi, amma ciwonta wasan yara ne. Likitan ƙashi ya sa aka ɗauki hoto, ya duba ya ce sai dai a sa masa ta ƙarfe, aka rubuta shi a layin masu jira. Layin kuwa na watanni ne masu yawa. A cikin jiran nan ya daina hawa matakala, ya daina zuwa hira wurin tsofaffin abokansa a bakin gareji, a ƙarshe ko ban ɗaki zai je sai matarsa ta ba shi kafaɗa. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci masa rai, don kunya yake ji ƙwarai. An kuma gaya masa tun farko, duk wanda aka ɗage wa aiki sai ya koma bayan layi.

Sai an san maigidan da ya yi wa tuƙi kafin a gane abin da ya same shi. Maigidan nan, Allah ya jiƙansa, babban ma'aikaci ne da bai taɓa buɗe baki ya ce wa direbansa ya yi kuskure ba. Yana da hanyarsa. Daga kujerar baya zai ce, “Direba, ta nan za mu bi?” Baba ya ce, “Ta nan ne, ranka ya daɗe.” Sai a ɗan yi shiru. In ya sake cewa, “Ta nan za mu bi?” to magana ta ƙare, Baba zai kunna sigina ya juya kan mota, ko da ya san hanyar kamar tsakar gidansu. An sha yin haka su ɓata, su wuni suna zagaye, maigida ya yi ta faɗa, Baba ya yi ta ba da haƙuri. Da haka ya riƙe aikinsa har ya yi ritaya, kuma abin ya zauna masa a jiki: in na gaba da kai ya maimaita tambaya, amsarka ta farko ba ta yi ba ke nan.

Jiya da yamma da aka ba shi gado, likitan ƙashi ya leƙo da wani alƙalami mai kaurin baki, ya zana masa kibiya a saman gwiwar hagu. Yana zanen wayarsa na ƙara, ya faɗi wata magana a bakin ƙofa yana fita, Baba bai kama ta ba, bai kuma ga dacewar ya tsayar da babban mutum ba. Matarsa lokacin ta fita neman ruwan zafi. Da gari ya waye aka kawo wani sabulun ruwa aka ce a wanke ƙafafu da kyau. Matar Baba kuwa mace ce da ba ta iya ganin tabo ta kau da kai, ko a bangon maƙwabta ne. Tana ganin kibiyar ta ɗaure fuska.

“Haba Baban yara, haka za ka shiga gaban manyan likitoci da zane a ƙafa kamar ɗan firamare?”

“Likita ne fa ya yi.”

“Ai ya gama nuna maka wurin. Miƙo ƙafar.”

Ta sa soso ta dirje, ta ɗauraye ta sake dirzawa, har fatar ta yi ja, kibiya ta tafi. Ta duba aikinta ta ji daɗi, shi ma bai ga laifin hakan ba.

Nas ta farko ta zo auna jini. Ta tambayi sunansa, ya faɗa. Ta ce wane aiki za a yi masa, ya ce gwiwa. Ta ce wacce, ya ce ta hagu. Ta yi murmushi ta tafi. Ba a jima ba wata ta shigo da rigar tiyata, irin mai buɗaɗɗen baya da ba ta rufa wa kowa asiri, ita ma ta jero tambayoyin nan iri ɗaya ba ragi. Baba ya amsa, amma a ransa ya ce ikon Allah, ashe ba sa gaya wa juna magana a nan. A lokacin ne ya lura da wata ƙaramar likita mai tabarau tsaye a kusurwar ɗakin, riƙe da 'yar kwamfutar hannu. Ba ta auna kowa, ba ta ba kowa magani. Duk sanda aka tambaye shi ya amsa, sai ta danna wani abu. Shi dai bai san aikinta ba, amma ya san kamannin mai ba da maki, don ya taɓa zuwa gwajin tuƙi.

Sai babbar Sista ta iso, mace mai jiki da muryar da ke sa masu shara su miƙe tsaye. Ta tsaya a ƙarshen gado da fayil a hannu.

“Baba, wace gwiwa za a yi wa aiki?”

“Ta hagu, ranki ya daɗe.”

Sista ta sunkuya kan fayil ta tsuke ido. Gaskiyar magana ta baro tabaraunta ne a kan tebur, rubutun likita kuma ko da tabarau sai an yi da gaske. Amma Baba bai san wannan ba. Abin da ya gani shi ne babbar mace ta duba takarda ta ɓata rai. Aka ɗan yi shiru. Ba ta ɗago ba ta ce, “Wacce ka ce?”

Baba ya fara lissafi a ransa. Sau nawa ke nan? Lallai akwai abin da suka gani a takarda wanda shi bai sani ba, tun ɗazu suke ba shi dama ya gyara, shi kuma ya kafe kamar marar tarbiyya. Kafin ya yi shawara da zuciyarsa bakinsa ya riga shi.

“Ta dama.”

Sista ta ɗago kai a hankali. Mai tabarau ta daina danne-danne.

“Ta dama?”

Ga shi an sake maimaitawa. Baba ya dubi wannan ya dubi waccan, bai ga inda amsar take a fuskar kowa ba. Ya ce, “To, ko ta hagun ce. Duk dai wadda kuka gani.”

Sista ba ta yi masa faɗa ba, wanda da ta yi ma da ya fi samun sauƙi. Yaye zanen gado ta yi tana neman kibiyar likita. Ta duba hagu, fata fes, har da ɗan ja. Ta duba dama, babu komai.

“Ina alamar da likita ya yi?”

Matar Baba ta gyara zama. “Wai zanen nan? Ai ku kuka ce a wanke da kyau.”

“Mama, kin goge?”

“Da ƙyar ma ya fita, 'yar nan. Wane irin tawada ne kuke amfani da shi?”

Sista ta rufe ido ta buɗe. Ta ce, “To Mama, ke da kike jinyarsa, wace ƙafa ce ke damunsa?”

“Ta hagu mana,” in ji matar, ba ko tantama. Tana tsaye tana fuskantarsa, sai ta miƙa hannunta na hagu ta dafa gwiwar da ke daidai hannun, wato gwiwarsa ta dama. Da ta ga yadda ake kallonta sai ta janye hannun, ta dubi tafinta kamar shi ya yi laifin, ta juya ta ba shi baya tana gwada hagu da dama a jikinta. “Ku tsaya. In na riƙe shi za mu ban ɗaki, ta nan nake tsayawa. A'a, ta nan. Ya danganta da inda ƙofa take.”

Daga nan ɗakin ya cika. Aka kira likitan da ke sa barci, wani dogo mai sanyin murya. Ya duba fayil ya ce takarda ta ce hagu, aka buɗe hoton ƙashi a kwamfuta shi ma ya ce hagu. Baba ya ji sanyi a ransa, ya ɗauka an gama. Ashe ba a gama ba. Dogon ya ce doka ce, sai bakin majiyyaci da takarda da alamar da ke jikinsa sun zo ɗaya kafin a taɓa shi, yanzu kuwa alama ta tafi, baki ya rabu biyu. Ya ƙara da cewa wani lokaci tsofaffi sukan rikice in sun kwana a asibiti, in haka ne kuma ba za a yi wa mutum aiki ba sai kansa ya dawo daidai. Sai ya jawo kujera ya fara nasa tambayoyin. Yau wace rana ce? Ina ne nan? Wace ce wannan matar?

Baba ya faɗi ranar daidai. Dogon ya ce, “Ka tabbata?” Baba ya ce to watakila gobenta ce.

“Baban yara, me ya same ka?” in ji matarsa. “Ni ma in ya tambaye ka sau biyu cewa za ka yi ba ka san ni ba?”

Shi kansa ya fara shakka. Ya kwanta yana sauraron gwiwoyinsa. Ta hagu tana zugi kamar kullum, amma da ya mai da hankali kan ta dama sai ya ji ita ma tana motsi, tana cewa ga ta nan. To wacce ce ta hana shi barci watannin nan? Ya san ya sani. Jiya ya sani, ɗazu da asuba ma ya sani. Amma mutane masu ilimi haka ba za su taru suna tambayar abin da yake a fili ba. Ko dai hoton na wani ne? Ko shi ne ya yi ta nuna wa likita ƙafar da ba ita ba tun farko? Ya ji Sista a bakin ƙofa tana cewa a shirya mai bi masa, in likitan ƙashi ya fito daga aikin farko shi zai yanke hukunci, amma ita dai tana ganin ɗagewa za a yi.

Kalmar nan ta ɗagewa ita ya ji sarai. Ya hango bayan layi, ya hango kafaɗar matarsa da ta fara ranƙwafawa saboda nauyinsa. Ga shi bai ma san laifin da ya yi ba. Ya ba su hagu, ya ba su dama, ya ba su zaɓi, babu wadda ta gamsar da su.

Da ɗakin ya rage, mai tabarau ta matso. Ta ajiye kwamfutarta a kan durowa, ta zauna a 'yar kujerar masu jinya, har kanta ya yi ƙasa da nasa.

“Baba, ni ba ni da hannu a aikinka. Bincike nake yi. Ba tambayar ƙafa zan yi maka ba. So nake in san me ya sa ka canza amsa.”

“Ai gani na yi ba ta yi muku ba, 'yata.”

“Wa ya ce ba ta yi ba?”

“Ba wanda ya ce. Amma an sake tambaya.”

Da alama ita ma ba ta gane ba. Sai matarsa ta sa baki, ta ba ta labarin maigida da kujerar baya da sigina, tana yi tana hararar mijin. “Shekara da shekaru ina gaya masa. Ni kaɗai ce in na tambaye shi sau goma zai ba ni amsa ɗaya, don ya raina ni.”

Mai tabarau ta cire tabaraun ta murza ido. Ta ce, “Baba, tambayoyin nan ni na roƙa a riƙa yin su a kowane mataki. A asibitoci da dama an taɓa yi wa mutum aiki a ƙafar da ba ita ba, ko idon da ba shi ba. Ba mugunta ba ce, takarda ce takan juye, ko gajiya ta sa a yi kuskure. Shi ya sa muke so kowa ya ji daga bakin mai ƙafar. Ina nan ina ƙirga kurakuran da tambayar ta tare.” Ta dubi kwamfutar da ke kan durowa. “Ban tanadi wurin rubuta wanda ita tambayar ta haifar ba. Kuma ba wanda ya gaya maka za a yi ta maimaitawa, ko?”

“Ba wanda ya gaya mini.”

“To ka yi haƙuri. Ba kai muke gwadawa ba. Kanmu muke tsaro, don mu ne za mu iya yin kuskure.”

Baba ya juya maganar nan a ransa ta ƙi zama. Babban likita, da karatunsa da farar rigarsa, ya tambayi direba don kada shi likitan ya ɓata hanya? Bai taɓa jin inda aka yi haka ba. Ya ce, “Yanzu in na faɗa, ku kuma takardarku ta faɗi wani abu daban fa?”

“Sai mu tsaya mu binciki takardar.”

“Ba ni ba?”

“Har da kai. Amma ƙafarka ce, Baba. Ka riga takardar saninta.”

Matarsa ta tsuke baki ta ce, “Ni dai tambaya ɗaya zan yi, kuma ba zan maimaita ba. Da wace ƙafa kake taka kuloci?”

Bai ma buɗe baki ba, ƙafar hagu ta motsa da kanta a ƙarƙashin zane, ta danna iska. Zafin da ya taso daga gwiwar ya haura har ƙugu, sai da ya riƙe ƙarfen gado. Wannan ciwon ya san shi, ba ya kama da na kowa.

Likitan ƙashi ya fito da hular tiyata a kansa, aka ba shi labari a tsaye. Ya zo ya lanƙwasa gwiwar dama, Baba ya ɗan yamutsa fuska. Ya kama ta hagu, tun bai kai rabi ba Baba ya yi salati. Dogon mai sa barci ya sake zuwa, wannan karon mai tabarau ta roƙe shi ya yi kowace tambaya sau ɗaya, Baba kuwa ya amsa su duka daidai. Likita ya zaro alƙalaminsa ya sake zana kibiya, ya dubi matar ya ce, “Mama, wannan ta fi ƙarfin soso.” Ta ce ita ai ta tuba. Sannan ya juyo ga Baba, ba wasa a fuskarsa.

“Zan karɓe ka yau. Amma a ɗakin tiyata, kafin a yi maka allura, zan tambaye ka a gaban kowa. In na ji amsa biyu, ba zan taɓa ka ba, sai wani lokaci. Ka ji?”

“Na ji, ranka ya daɗe.”

Aka tura shi a gadon taya ta wani dogon baranda, fitilun rufi suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta bi su har ƙofar da ba a wucewa, tana ce masa, “Hagu, Baban yara. Ta kuloci.” Yana ta nanata kalmar a ransa har ta fara zama baƙuwa a bakinsa.

Ɗakin tiyata da sanyi, kowa ya rufe hanci da baki, ba ka ganin komai sai idanu. Da ƙyar ya gane mai tabarau a jikin bango. Aka zaunar da shi a kan wani siririn gado. Likita ya ɗaga hannu ya ce kowa ya dakata, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar na'ura. Ya tambayi suna, Baba ya faɗa. Ya tambayi aikin, ya faɗa.

“Wace gwiwa ce?”

“Ta hagu,” in ji Baba, amma muryar ta maƙale, daidai lokacin kuma wata nas ta ajiye faranti na ƙarfe ya yi ƙara. Likita bai ji ba. Ya ɗan yi shiru, ya sunkuyo da kai.

“Wace gwiwa ce, Baba?”

Shirun iri ɗaya ne, muryar ma kusan iri ɗaya, kamar daga kujerar baya ta fito. Baba ya ji yatsunsa suna lalubar sigina a gefen gado. Ta dama ta fara kiran kanta. Idanun nan duka suna kansa, kuma ba ɗaya da ya nuna masa inda zai bi. Ya dubi kibiyar da ke kan fatarsa, ya tuna ai wannan ma mutum ne ya zana ta, kuma an ce mutum yana iya kuskure. Ba wanda ya rage a ɗakin da zai faɗa sai shi.

“Ta hagu ce, likita. Ita na faɗa ɗazu, ita nake faɗa yanzu.”

Ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa.

“Na gode,” in ji likita. Ya ɗaga murya. “Gwiwar hagu. Kowa ya yarda?”

“Hagu,” in ji Sistar tiyata. “Hagu,” in ji dogon. Haka suka bi ɗaya bayan ɗaya, har wanda ke tsaye wajen na'ura, kowa yana maimaita abin da Baba Direba ya faɗa. Tsawon shekarun da ya yi a gaban mota, bai taɓa faɗin hanya sau biyu an bi ba. Hawaye suka zubo masa, ya rasa ko na daɗi ne ko na takaicin hanyoyin da ya sani ya bari.

Wata nas ta matso da auduga ta share masa fuska. “Baba, tsoro kake ji?”

“A'a.”

“Ka tabbata?”

“Na tabbata, 'yata,” in ji shi. Ya lanƙwasa bayansa yadda dogon ya nuna masa, aka yi masa allurar a gadon baya.